Kwarin da Ba Ya Jin Tambari

A zamanin da ƙasar Zangarma take ƙungurmin daji, wani maharbi mai suna Tunau ya shigo ta daga gabas da baka ɗaya da kare ɗaya. Tunau gagara-dawa, na gaban ɓauna, wanda kibiyarsa ke komowa cikin kwari da kanta. Shekara ashirin yana sarar daji, mutane na bin sawunsa suna kafa bukkoki, har wuri ya zama ƙasa.

Da ya manyanta, sai yaransa suka soma faɗa kan gonaki, har aka zubar da jini. Tunau ya tara su a gindin dutse, ya raba ƙasar yanki uku, kowane yanki da tambarinsa. Kowane yanki ya raba shi gundumomi, ya ba hakimai ganguna. Kowace gunduma kuma ya raba ta ga dagatai, ya ba su ƙaho. Iyakar kowa ita ce inda ake jin ƙarar abin da aka ba shi. Sannan ya dafa bakansa na harbi ya rantse cewa duk wanda ya ɗauki makami ya shiga inda ba a jin kiɗansa, hannunsa zai shanye, ko da shi Tunau ɗin ne. Faɗa ya mutu tun daga ranar.

Amma akwai wani kwari a bayan dutsen, mai gida goma sha ɗaya, inda yayarsa Dela take zaune da jikokinta. Dutsen ya tare kowane sauti. Ranar rabo an buga tambari, an kaɗa ganga, an busa ƙaho, mutanen kwarin suna shuka, ba su ji komai ba. Ba wanda ya tuna da su.

Shekara ta uku bayan rabon, giwaye suka sauko wa geron kwarin yana gab da nuna. Dela ta ɗauki sanda ta tafi wurin dagacin da ya fi kusa. Ya ji tausayinta, ya ɗauki mashi, amma yana shiga bakin kwarin hannunsa ya bushe kamar kara. Ta wuce wurin hakimi, ya ce gangarsa ba ta kai can. Mai tambarin yanki ya ba ta ruwa da tabarma, ya ce ta tafi wurin wanda ya yi rabon.

Ta iske ƙanen nata yana shan hantsi, ido ya soma dushewa.

"Tunau, ni da na goya ka, ka raba ƙasa har kan ƙadangaru, ka manta da ni?"

Ya ce in ya warware rantsuwar saboda ita, kafin kaka ƙasar za ta koma jini.

"To mu ci me?"

"Ban sani ba, Yaya."

Washegari ya rataye bakansa a zaure, ya bi ta hannu sake. Ya tsaya a bakin gonarta yana roƙon giwayen da sunayensu, don ya san kakanninsu. An ce sun gane shi, suka rusuna, suka kewaye shi ba su taɓa ko rigarsa ba, suka shiga gonar suka ci. Kwana huɗu yana tsaye yana kallo. Gida bakwai suka tashi a shekarar. Tunau bai koma gari ba, a kwarin ya rasu, Dela ta binne shi. Allah ne masanin abin da ke zuciyarsa.

Kwarin Dela yana nan, har yanzu gida huɗu ne. Duk sabon hakimin da aka naɗa a gundumomin kusa, sai an kai shi ya zauna a gefen kabarin Tunau, a kaɗa gangarsa daga ƙofar gidansa. Mata kan tsayar da daka, a kama bakin awaki, kowa ya kasa kunne, don in sautin ya iso, kwarin ya shiga gundumarsa. Har yau ba a taɓa ji ba. Can sai hakimin ya tashi, ya karkaɗe rigarsa, ya ce su yi haƙuri, ya hau dokinsa.