Takarda Ɗaya, Bango Uku

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum mai shagon buga takardu. Injinsa ɗaya ne, da kwamfuta, da benci na masu jira. Yana samun na rufin asiri, ba ya kwana da yunwa.

Mutane kan kawo masa tsarin rage ƙiba iri-iri su ce ya buga musu. Wannan ta ce nata daga waje ya zo. Wancan ya ce nasa na manyan likitoci ne, da tsada ya saya. Shi kuwa yana jiran inji yana karantawa. Sai ya lura duk maganarsu ɗaya ce: a rage sukari, a rage maiƙo, a yawaita ganye, a sha ruwa, a taka ƙafa. Suna kawai ake canzawa, da farashi.

Wannan fa ilimi ne Allah ya ba shi a ɓagas. Me zai rage masa da ya ce, “Baiwar Allah, riƙe kuɗinki, abin da ake faɗa kyauta a asibiti ne”? Bai faɗa ba. Shaiɗan ya raɗa masa cewa ga kasuwa.

Ya zauna ya rubuta shafi goma, ya yi musu bango uku: kore, ruwan azurfa, ruwan zinariya. Na zinariya ya ninka kore sau goma a kuɗi, domin ana haɗawa da ƙullin shayi. Shayin nan ba komai ba ne illa ganyen da ke sa gudawa. Mai sha ya ga cikinsa ya lafe, ya ɗauka ƙiba ce ta tafi, alhali ruwan jikinsa ne.

Kasuwa ta buɗe. Aka fara kiransa Dakta, yana amsawa. Ya sayi farar riga ya rataye a bayan kujera.

To, yana da yaya, tela ce. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, da keken ɗinkinta ta sa shi makaranta. Likita ya ce mata ta rage jiki saboda hawan jini da gwiwoyinta. Ta ji nauyin ta je gaban ƙaninta ta yi zancen ƙiba, kuma ba ta son ya ce ta bar kuɗin. Sai ta sayar da 'yan kunnenta, ta aiki maƙwabciya ta sayo mata na zinariya. Ta ce ai abin ɗan uwanta ne, ba zai cuce ta ba.

Kwana tara tana shan shayin nan haɗe da maganin hawan jininta. Ran na goma da hantsi ta kife a kan keke, da rigar mutane a hannunta.

A asibiti mata suka zo dubiya. Da aka ji dalili, wata ta ciro nata koren littafin daga jaka, wata ta ciro na azurfa. 'Yar mara lafiyar ta jera su a kan gado tare da na zinariyar uwarta tana karantawa. Layi bai bambanta da layi ba. Har kuskuren bugu ɗaya ne: inda za a ce a sha ruwa kofi takwas, duk ukun sun ce “a sha rawa”.

Wata ta ce, “Shi ya sa ban rame ba, ashe ban taka rawar ba!” Aka yi dariya. A daidai nan ƙanin ya shigo da ledar lemo.

Yayar ta dube shi, ga robar ƙarin ruwa a hannunta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Ƙanina, da kuɗi ka ce kana so, ai da na ba ka ina tsaye da ƙafata.”

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Kafin mako labari ya gama gari. Masu littafi suka yi layi a ƙofar shago, hukuma ta zo ta rufe shi, inji ya tafi wajen mayar wa mutane haƙƙinsu. 'Ya'yansa suka daina son zuwa makaranta, don ana kiransu 'ya'yan Dakta Rawa. Yayar ta tashi, amma hannun dama bai koma ɗinki ba. Ta ce ta yafe. Shi ne har yau bai iya haɗa ido da ita ba. In ya hango ta, sai ya canza hanya.

Ya 'yan uwa, wa kake zaton zai sayi ƙaryar da ka ƙulla? Kana ganin baƙo kake cuta, ba ka san hannun da zai kai ta gidanku ba. Kuma da baƙon ne ya faɗi, shi ba ɗan uwan wani ba ne? Wanda ya sayar da abu ɗaya da suna uku ya ci haram sau uku. Ku kuma masu saye, ku karanta ciki kafin bango ya ruɗe ku, ku tambayi likita.

Allah ka tsarkake mana abin da muke ci da abin da muke sayarwa. Ka kiyaye mu daga ranar da za mu kasa ɗaga kai a gaban namu, da ranar da za mu kasa ɗaga shi a gabanka. Amin.