Mai Horon Shanu da Matasa Takwas

An ce in rubuta abin da za a karanta wa matasanmu masu shirin tafiya Ƙasa Mai Tsarki. Ba ni da dogon bayani. Misali ɗaya ne. Ku kasa kunne.

Akwai wani mutum, manomi, a wani ƙauye a gindin dutse. Bayan noma, aikinsa horon shanun huɗa. Idan mutum ya sayi bijimai biyu da ba su taɓa ganin garma ba, wurinsa ake kai su. Bayan wata biyu sai ya mayar da su suna tafiya kamar ƙafafun mutum ɗaya. Ba ya dukan dabba. Ba ya yawan magana. Bai kuma taɓa wuce garin da suke cin kasuwa ba.

Wata shekara aka ba ikkilisiyar ƙauyen gurbin matasa takwas, su bi ayarin da zai ƙetare teku zuwa Ƙasa Mai Tsarki. Aka zaɓi samari huɗu da 'yan mata huɗu. Gari ya ɗauki murna. Aka yi fasfo, aka yi allurar rigakafi, aka ɗinka musu kaya iri ɗaya. Zumuntar mata ta shiga dakan yaji, don an ji labari abincin can salam yake.

Cikin takwas ɗin akwai wani saurayi, Obadiya. Shan inna ya taɓa ƙafarsa ta hagu tun yana goye, jan ta yake yi. Shi ke koyar da yara ranar Lahadi. Da gawayi ya zana ƙasar a bangon ajinsu: ga Tekun Galili a sama, ga Kogin Urdun yana gangarowa, ga Urushalima a kan tudu. Tun yana ƙarami yake roƙon Allah ya taka wuraren nan da ƙafarsa, ko da ƙafar guda ce mai kyau.

Sai takarda ta zo daga masu shirya tafiyar. Ta ce akwai hawan tudu, akwai doguwar tafiya a ƙasa, motar ayari kuma ba ta jiran kowa.

Magatakardan ikkilisiya ya karanta ta a gaban dattawa, ya ninke, ya ce, “A cire Obadiya. Ba ƙinsa nake yi ba, Allah ya sani. Amma idan mota ta bar shi a ƙasar da ba ya jin harshensu, me za mu gaya wa uwarsa?”

Aka yi ta ja. Daga ƙarshe aka tsaya a kan gwaji. Bayan mako takwas, matasan za su hau dutsen bayan gari da safe. Duk wanda aka buga ƙararrawar majami'a bai kai ƙoli ba, ya zauna a gida, a ba wani gurbinsa. Kowa ya san don wa aka kafa dokar.

Fasto ya ce, “Kafin ranar, wa zai shirya su?”

Kowa ya dubi na kusa da shi. Sai Fasto ya dubi manomin nan da ke zaune a bencin baya. Mutane suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Wanda bai taɓa ganin jirgi a ƙasa ba, shi zai shirya masu hawa jirgi? Manomin ya ce, “A turo su Asabar.” Bai ƙara ba.

Ranar Asabar suka tarar ya sare gora huɗu, ya ajiye bokiti huɗu cike da ruwa. Ya raba su biyu-biyu, maza daban, mata daban, bai kuma haɗa kowa da abokinsa ba. Kowane biyu za su rataya bokiti a tsakiyar gora, su saɓa a kafaɗa, ɗaya gaba ɗaya baya, su kai shi gindin tsamiyar da ke kusa da ƙolin dutse.

Obadiya kuwa ya haɗa shi da Kefas. Kefas shi ne ya fi kowa gudu a ƙauyen. Idan akuya ta tsinke igiya, shi ake kira.

Kefas ya ce, “Baba, mu shanu ne?”

Manomin ya ce, “A'a. Shanu suna jin magana. Ɗauki.”

Suka ɗauka. Kefas yana gaba, ya zabura yadda ya saba. Gorar ta fizgi kafaɗar Obadiya, bokiti ya yi ta lilo, ruwa ya jiƙe su har wando. Kefas yana waiwaye yana cewa, “Kai, ɗaga ƙafa mana! Kunkuru ma ya fi ka.” Obadiya ya ce, “Kunkuru ƙafa huɗu gare shi, malam.” Da suka isa tsamiya, ruwan da ya rage bai isa wanke hannu ba.

Manomin ya leƙa bokitin. Ya ce, “A sake.”

Asabar ta biyu haka. Ta uku haka. Kafaɗar Kefas ta saɓule, ta Obadiya ma. A ta huɗu Kefas ya yar da gorar, ya ce, “Baba, wahalar banza kake ba mu. Ko shekara za a yi, ƙafar nan ba za ta miƙe ba.”

Manomin ya ce, “Wa ya ce maka ƙafarsa nake gyarawa?”

Ya ɗauki gorar ya miƙa wa Kefas, ya ci gaba:

“Idan na ɗaura karkiya a wuyan shanu biyu, ba mai raunin nake horarwa ba. Shi duk abin da yake da shi ya riga ya bayar. Mai ƙarfin nake horarwa. In ya yi gaba, itacen ya karkace, ya ji wa kansa ciwo, ya ji wa ɗan'uwansa, huɗar kuma ta fita a karkace. Koma baya. Obadiya ya shige gaba. Kada ka dubi dutse. Dubi dugadugansa.”

Kefas ya koma baya yana ƙunƙuni. Amma ya duba. Sai ya ga tafiyar Obadiya tana da tsari: dogon taku, gajeren taku, ɗan tsayawa. Dogo, gajere, tsayawa. Ya gwada sa ƙafarsa a kan wannan tsari. Da fari ya yi ta tuntuɓe, 'yan mata suna yi masa dariya, wai gwanin gudu ya koma koyon tafiya. Ran nan suka kai rabin bokiti.

Daga nan abin ya canja. Tun da ba gudu ake yi ba, numfashi ya ishe su hira. Obadiya yakan ce, “Ka ɗauka wannan kwarin shi ne Kidron. Can inda tsamiya take, Dutsen Zaitun ke nan.” Kefas yakan ce, “To, malam, idan mun je ka nuna mini inda aka ciyar da mutane da kifi. Nan nake so in fara gani.”

Wata Asabar Obadiya ya ji kafaɗarsa ta yi sauƙi. Ya waiwaya, ya ga Kefas ya jawo bokitin zuwa wajensa, nauyin ya koma kansa. Ransa ya ɓaci. Ya ce, “Mayar da shi tsakiya. Ba sadaka na zo nema ba.”

Manomin yana biye da su. Ya ce, “Bar shi. Haka nake ɗaure wa shanuna. Mai ƙarfi ya ɗauki abin da ya fi, garma dai ta tafi daidai.”

A Asabar ta bakwai suka ajiye bokitinsu a gindin tsamiya, ruwa har baki. Manomin ya leƙa. Bai ce a sake ba. Ya ɗebi ruwan da hannu ya wanke fuska.

Ranar gwaji ta zo. Babu gora, babu bokiti, kowa da ƙafarsa. Magatakarda ya riga ya hau ƙoli da agogonsa da takardar sunaye. Manomin ma yana can, zaune a kan dutse. Sai dai an yi ruwa da asuba, hanya ta yi santsi.

Aka sake su. Shida suka yi gaba. Obadiya ya zame sau biyu kafin rabin hanya, gwiwarsa ta fashe. Rana tana ta hawa. Ya dubi sama, ya san ba zai kai ba.

Ya ce, “Kefas, tafi.”

Kefas bai wuce shi ba. Yana bayansa, dogo, gajere, tsayawa.

“Da kai nake! In ka sheƙa yanzu za ka kai. Kada ka rasa gurbinka saboda ni. Ka je, ka ɗauko mini hoton Galili, ya ishe ni.”

Kefas ya ce, “Ƙafata ta manta gudu. Kai ka lalata ta. Yi gaba, malam, kana tare mini hanya.”

Can sama, shidan nan suka isa tsamiya. Tsakaninta da ƙoli bai fi jifa ɗaya ba. Wata yarinya cikinsu, Keziya, ta waiwaya, ta hango biyun can ƙasa. Ta sami saiwar tsamiya ta zauna. Abokiyar gorarta ta zauna kusa da ita. Sauran suka dubi juna, suka zauna.

Magatakarda ya ɗaga murya, “Ku hauro mana! Saura kaɗan a buga!”

Keziya ta ce, “Baba, ba mu cika ba.”

“Keziya, fasfonki yana hannuna. Kin san dokar!”

“Na sani, Baba. Mu takwas ne.”

Aka buga ƙararrawa a cikin gari. Duk suka ji ta. Ba wanda ya motsa. Wata cikin 'yan matan ta share hawaye, amma ba ta tashi ba. Sai da aka ɗauki lokaci kafin Obadiya ya iso, jini yana bin ƙwaurinsa, Kefas a bayansa. Suka miƙe, suka sa shi gaba, suka hau tare.

Magatakarda ya dubi agogo, ya dubi takarda. Ya ce, “Bisa doka, ba mai tafiya. Ko ɗaya.” Ya juya wajen manomin. “Kai ka sa su?”

Manomin ya ce, “Ni bokiti kawai na ba su.” Sannan ya ce, “Me ka ce kana tsoro, ran da ka karanta takarda?”

“Kada a bar wani a baya a ƙasar mutane.”

“Duba. Wa aka bari?”

Magatakarda ya daɗe yana kallonsu. Mutum ne mai gaskiya. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ciro hankicinsa, ya durƙusa ya ɗaure wa Obadiya gwiwa. Ya ce, “Zan gaya wa dattawa dokar ce ta faɗi, ba ku ba.” Su takwas suka tafi. Su takwas suka dawo.

To, ga ma'anar misalin.

Dutsen nan tafiyarku ce. Gorar ita ce zumuntar da Ubangiji ya ɗora muku, ba ku kuka zaɓi wanda zai riƙe ɗaya bakin ba. Ruwan bokiti kuwa shi ne albarkar da kuke zuwa nema. Ba wanda zai iso da ita shi kaɗai. Mai sauri shi ke fara zubar da ita.

Na ga shirinku. Fasfo ya fito, an yi biza, an sayi rigunan sanyi, an koyi sababbin waƙoƙi. Madalla. Amma wannan shirin jaka ne. Shirin da ya rage shi ne ka san takun wanda ke kusa da kai. A cikinku akwai mai jan ƙafa da ido ba ya gani. Akwai wadda ba ta taɓa kwana a wani gari ba. Akwai wanda Turanci ke ba shi tsoro, zai tsaya a gaban ma'aikacin filin jirgi bakinsa ya mutu. Akwai wanda bangaskiyarsa ce take ɗingishi, bai gaya wa kowa ba. Ku neme su tun yanzu, kafin jirgi ya tashi.

Ku masu ƙarfi, da ku nake. Kefas bai zama rago ba don ya rage gudu. Ni ban san ƙarfin da ya fi nasa ba. Keziya kuma ta zauna ana kiranta, fasfonta a hannun mai kiran. Irin waɗannan nake cire wa hula.

Ƙasar da za ku taka, Ubangijinmu ya taka ta a ƙasa. Da ya so, da ya wuce kowa. Amma ya yi tafiya daidai da takun masunta, da guragu, da mata masu goyo, har yau kuma daidai da namu yake yi. Idan ka je ka ga duk inda ya tsaya, ka ɗauki hoto, amma ka bar ɗan'uwanka a bakin mota, dutse kawai ka gani. Muna da dutse a nan.

Ranar da kuka dawo zan tsaya a ƙofar majami'a. Kada kowa ya miƙo mini waya in ga hoto, idona ba ya gani sosai. Zan tambayi kowannenku wa ya jira, wa kuma ya jira shi. Ku shirya amsa.