Ina Ruwanka Zai Bi?

Akwai wani mutum da ya yi shekara ashirin da biyu yana zaman haya a birni. Da ƙarfinsa ya fara raguwa, sai ya koma garinsu ya sayi fili. Ya ce kafin Ubangiji ya kira shi, sai ya kwana a ƙarƙashin rufin kansa. Buri ne mai kyau, babu laifi a cikinsa.

Filin yana kan ɗan tudu. A gangarensa ta yamma akwai gidan wata tsohuwa, ginin ƙasa, ɗaki ɗaya da rumbu a jikin katanga. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi nisa. Dawar da ta noma da hannunta ita ce a rumbun nan, ita za ta ci har kaka ta zagayo.

Mutumin ya kira wani tsohon magini ya nuna masa filin. Maginin bai ɗauko igiya ba, bai auna kome ba. Ya zaga sau biyu, ya tsaya ta yamma yana duban ƙasa. Can ya ce, "Maigida, ina ruwanka?"

Ran mutumin ya ɓaci. Ya ce, "Ina ruwana kamar yaya? Filina ne, da gumina na saya."

Magini ya ce, "Ba haka nake nufi ba. Ruwan sama nake tambaya. Kwanon da za ka rufa zai tara ruwa mai yawa. In ya sauko, gangare zai bi, gangaren kuwa gidan Iya ne. Ka bar taku biyu tsakaninka da katangarta, mu yi magudana mu kai shi titi."

Taku biyu! Mutumin ya auna a zuciyarsa, ya ga daga falo za a cire su, falon da ya yi shekaru yana jera masa kujeru a cikin ransa. Ya ce, "Baba, gini na kira ka ka yi, ba rage mini gida ba."

Magini ya ce, "To, ka nemi wani. Hannuna ba zai sa wannan bulo ba." Ya yi sallama ya tafi.

Kashegari wani ɗan kwangila ya zo a kan babur, bakinsa da zaƙi. Duk abin da maigida ya faɗa, amsarsa ɗaya ce: "An gama, ranka ya daɗe." A kai bango har jikin katangar tsohuwa? An gama. Ruwa fa? "Haba, ranka ya daɗe, ai ƙasa za ta shanye." Mutumin ya ji daɗi, ya ba shi aikin.

Kada ku ce mutumin nan malalaci ne. Kullum shi ke riga leburori zuwa. Yana tsaye ake kwaɓa siminti, don kada a cika yashi. Yakan ɗaga bulo ya sake shi ƙasa, in ya farfashe ya ce a mayar wa mai shi. Ya sa birkila ya rushe layi uku saboda sun karkace. Ya kori kafinta ɗaya a kan ɗanyen katako. Babu ƙusar da aka buga a gidan nan bai sani ba. Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba: bai taɓa zagawa ya tsaya a tsakar gidan tsohuwa ya dubi gininsa daga can ba.

Ran da ake buga kwano, tsohuwar ta kawo wa ma'aikata kunu a ƙwarya. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon sama, sa'an nan ta ce, "Ɗana, bakin kwanon nan kamar ni yake kallo."

Ya ce, "Iya, kwantar da hankalinki. Masu aikin sun san aikinsu."

Ta ce, "To, Allah ya sa a gama lafiya." Ta ɗauki ƙwaryarta.

Maganar ta ɗan soke shi. Amma a daidai lokacin aka kira shi ya zaɓi launin fenti, sai maganar ta wuce.

Aka gama gida, ɗan kwangila ya hau babur ɗinsa ya tafi wani gari. Damina ta faɗi. Kowane ruwa aka yi, rufin nan yakan tattara shi ya zuba a gindin katangar tsohuwa, ƙasa tana sha, tana sha. Maigida kuwa yana cikin falo yana jin ƙarar ruwa a kan kwano, yana godiya ga Allah da babu inda ke yoyo.

Da damina ta yi tsakiya, sai ya kira fasto da 'yan ikkilisiya wata Asabar da rana, domin addu'ar keɓe gida. Falo ya ɗauke kowa, har da sauran wuri. Suna cikin waƙa hadari ya haɗu, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Can sai suka ji wani abu ya faɗi, rim! Ƙasa ta girgiza, waƙa ta tsaya.

Mutumin ya fita a guje, babu takalmi. A ranar ne ya fara taka gidan maƙwabciyarsa. Katanga ta kwanta, ta danne rumbu ta fasa shi. Dawa ta watse cikin taɓo, ruwan rufinsa kuma yana ta zuba a kanta yana kwashe ta. Tsohuwar tana durƙushe, jiƙe sharkaf, tana tsintar abin da za ta iya a bakin zaninta.

Ya matsa kusa da ita. Ya ce, "Iya... sannu."

Ta ɗago ta dube shi. Ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi da ya fi sauƙi. Ta ce, "Yauwa, ɗana. Na so in shigo in yi maka barka, ga shi aiki ya tsare ni."

Ya ce, "Zan saya miki dawa, ko buhu nawa ne."

Ta ce, "Ta ci za ka samu a kasuwa. Amma akwai iri a ciki, wanda maigidana ya bar mini. Shi nake shukawa tun rasuwarsa, bana ne kawai ciwon ƙafa ya hana ni. Wannan ba a sayar da shi."

Da gari ya waye ya tafi gidan tsohon magini, ya durƙusa. Magini bai ce masa "ai na faɗa maka" ba. Ya zo ya duba, ya ce, "A da, aikin yini biyu ne. Yanzu sai an fasa bangon falo, an kwance kwano, an ja baya."

Mutumin ya dubi fentin da ko wata uku bai yi ba. Sa'an nan ya ce, "Baba, miƙo mini gudumar. Ni zan fara."

Ma'anar wannan misali ita ce, jikokina: gidan nan ranka ne, kai kake gina shi kowace rana. Ruwan rufi kuwa shi ne abin da ke sauka daga kanka: fushinka, gajiyarka, zafin bakinka, da abin da ka zaɓa don jin daɗin kanka. Ba gidan da ba shi da ruwa. Ni ma ina da nawa, na kuwa zuba wa mutane shi, Allah ya gafarta mini. Ruwa ba ya hawa tudu. Ba ka yi wa shugabanka tsawa a wurin aiki, sai ka dawo gida ka sauke a kan matarka. Ke ma ba kya iya amsa wa mijinki, sai ki juye a kan yarinyar da ke miki wanke-wanke.

Tsohon magini shi ne Maganar Allah, da duk wanda yake ƙaunarka har ya iya ce maka a'a. Ɗan kwangila shi ne muryar da ke ce maka "an gama" a kan duk abin da ranka yake so. Ranar da katanga za ta faɗi, ba za ka gan shi ba.

Mutumin nan ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne, yana zuwa sujada. Cikin gidansa tsaf yake. Amma Ubangiji Yesu bai tsaya a kan tsabtar cikin gida ba, ya umarce mu da ƙaunar maƙwabci. Ranar da za mu tsaya a gabansa, "ba ruwana" ba amsa ba ce. Allah yana gafartawa, gaskiya ne, amma akwai abin da in ka lalata wa mutum, ba za ka iya mayar masa ba.

Saboda haka kada ku tashi daga nan ku ce kaka ta ba da labari mai daɗi. Yau ɗin nan, kowa ya nemi wanda ya fi jin tsoronsa a gida, ya zaunar da shi, ya ce, "Me nake yi maka da ke cutar da kai?" In ya sunkuyar da kai ya ce ba kome, kada ka miƙe. Ka zauna ka jira, har ya faɗa.