Rumfar Ceɗiya a Bakin Tasha

Kai, ajiye wayar nan. Ku matso kusa, yau magana mai ƙashi na zo muku da ita, kuma ba mai tashi sai ya faɗi nasa.

A Kwanar Marke akwai makarantar firamare da ta haɗa iyaka da tashar mota. Filin makarantar gonar gado ce ta wata tsohuwa, Inna Delu. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta ce tunda ba ta da wanda za ta bar wa, bari ta bar wa 'ya'yan kowa. To, filin ba shinge, 'yan aji ɗaya kuma ba su da ɗaki, a rana suke zama. Tasha kuwa kullum ƙara faɗi take, yau mota ta shigo da ƙafa ɗaya, gobe ta kwana a ciki. Rannan mutanen hukuma suka zo suka duba, suka ce za su dawo idan damina ta zauna. In sun tarar da iyaka tsayayya da alamar ana amfani da wurin, na makaranta ne. In ba haka ba, a ba tasha.

Da labari ya kai kunnen Inna Delu, wuni ta yi ba ta sa komai a bakinta ba. "Ni yara na ba wa," ta ce, "ban ba wa motoci ba."

Sai gari ya kira gayya. Kun dai san mu da gayya: ga ganga, ga kunu, ga kirari. A wuni guda aka kafa dashi a iyaka, aka dasa rassan ceɗiya don su zama rumfa mai rai da yara za su zauna a ƙarƙashi. Amma yaushe aka yi? Bayan kaka, don lokacin ne hannun manomi ke sake. Duk taron nan ba wanda ya tuna cewa lokacin ne kuma ake sakin dabbobi. Manoma fa, jikokin manoma! Kafin wata ya mutu awaki sun ɓare ceɗiyar tas, abin da suka rage kuma motoci suka bi ta kai. Da aka sake kiran gayya, kowa ya ce ai ya yi nasa.

Mutum uku ne kawai ba su ce haka ba.

Na farko Nomau ne, masaƙin rumbu. Yana da gezar da ya sha wahalar sarowa daga daji, wadda zai yi wa mutane rumbuna da ita, abincin gidansa na rani ke nan. Ya kwashe ta kaf ya kai makaranta. Ya sake saro dashi da ceɗiya, ya kafa, ya tanƙwara kawunan ceɗiyar suka haɗu a sama, ya saƙe su da geza har abin ya tsaya da ƙafarsa. Cikin zafin bazara shi ke jido ruwa daga rafi yana ba su. Masu jiran rumbu suka gaji suka koma wajen wani, kuma har yau ba su dawo ba. Ba don shi ba, da babu abin da za a kare.

Ta biyu Tabawa ce, mai ƙosai a ƙofar makaranta. Ita ta ga cewa ko sau goma aka dasa, awaki za su cinye sau goma. Ta shiga gida gida tana roƙon mata su ɗaure dabbobinsu tun kafin shuka, abin da ba a taɓa yi ba a garin. Wata ta tare ta a zaure ta ce, "Yaya Tabawa, ai naki ne suka fi na kowa ɓarna. Fara da gidanki mana."

Gaskiya ce kuwa, mai ɗaci. Tabawa ba ta da harawar da za ta ciyar da su a ɗaure, don haka ranar kasuwa ta kora awakinta duka ta sayar, a lokacin da ba su da daraja. Ku maza ba ku san mene ne akuya a wajen mace ba. Ita ce asibitinta, ita ce kayan ɗakin 'yarta. Da mata suka ga turkenta wayam, kunya ta kama su, kowa ta nemi igiya. Wasu dai har yanzu ba sa sayen ƙosanta. Ba don ita ba, da aikin Nomau ya ƙare a cikin tumbin akuya.

Na uku shi ne ya fi ba ni mamaki. Cindo direba ne a tashar, kuma in aka faɗaɗa ta shi ma zai ci riba. Ba shi da ɗa a makarantar, shi kansa a aji uku ya gudu. Amma ya tattaro tsofaffin tayoyi da duwatsu, ya binne su a jere a bakin tasha, daidai inda iyakar take tun yana yaro. Abokansa suka tone, ya sake binnewa. Da abin ya ƙi ƙarewa, sai ya riƙa gindaya motarsa a wurin, ya bar lodi yana wuce shi. Ranar da mutanen hukuma suka dawo, manyan tasha suka nuna wata iyaka can cikin filin. Cindo ya fito gaban kowa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba nan ba ce. Ga ta nan inda tayoyin suke, kuma duk wanda ke tsaye a nan ya sani." Washegari aka cire shi daga layi, yanzu a wani gari yake neman fasinja. Ba don shi ba, da motoci sun take shukar, da kuma ƙarya ta ci filin.

Fili dai ya tabbata na makaranta. Ceɗiya ta yi ganye, dashi ya kama. Aka riƙo hannun Inna Delu aka kawo ta, ta zauna a inuwar tare da 'yan aji ɗaya, ta daɗe tana shafa saƙar gezar. Shugaban makaranta ya ce za a sa wa rumfar sunanta. Ta girgiza kai.

"Ɗana, abin da na bayar ai ya riga ya kuɓuce, wasu ne suka dawo da shi. A sa sunan wanda ya cece shi, in ji da kunnena kafin in mutu."

Kun san wuri a ƙasar nan suna ɗaya yake ɗauka, ko an rubuta uku a allo bakin mutane ɗaya zai riƙe. Nomau ya rasa masu ba shi aiki, Tabawa ta rasa garkenta, Cindo ya rasa tasharsa, kuma ba ɗayansu da ya nemi a biya shi. Tsohuwa kuwa tana nan tana jira, ƙarfinta kullum raguwa yake.

To, ku da kuka iya gardama, rumfar nan ta wa za a kira ta: ta Nomau, ta Tabawa, ko ta Cindo?