Fartanya a Jakar Maharbi

An ce wai a wani gari an yi wani Sarkin Baka mai suna Nadabo, mutum ne da ba ya gaggawar magana. Duk shekara in an gama girbi, maharban garin sukan yi tafiyar kwana huɗu zuwa wani daji. Wani nama yake nema, wani suna, wani kuwa, in za a faɗi gaskiya, faɗan gida yake gudu. Al'adarsu ita ce duk abin da aka kashe, kowa yana da kaso.

A cikinsu akwai wani tsoho, Jatau, wanda ya shekara bakwai ko zomo bai kayar ba. Da tafiya ta matso, sai Gambo, gwanin harbi a cikin samari, ya durƙusa gaban Sarkin Baka ya ce, "Ranka ya daɗe, Baba Jatau yana rage mana sauri, ga shi yana cin kaso. A bar shi a gida bana."

Hankalin Jatau ya tashi, domin ya san ba zai iya tafiyar shi kaɗai ba.

Sarkin Baka ya ce kowa ya zazzage jakarsa. Aka ga layu da wuƙaƙe da ƙullin dafi. A jakar Jatau kuwa sai ga wata 'yar fartanya.

Sarkin Baka ya tambaye shi, "Yaya Jatau, noma kake zuwa yi a dawa?"

Tsoho ya sunkuyar da kai ya ce, "Abokina ne, Nomau, wanda ɓauna ta kashe. A gindin wata kanya muka binne shi. Ciyawa takan rufe kabarin, sai in share, in yi masa addu'a, in gaya masa 'ya'yansa sun girma."

Sarkin Baka ya ce, "Gambo ya yi gaskiya, Jatau zai zauna a gida. Amma sai mun yi alkawari yau: duk wanda ya faɗi a dawa cikinmu, kada kowa ya sake waiwayar kabarinsa. Wanda ya yarda ya ɗaga bakansa."

Ko baka ɗaya bai motsa ba. Kunya da tausayi suka kama Gambo, ya ɗauki fartanyar ya sa a jakarsa, ya ce, "Baba, bari in riƙe maka. Sai ka nuna mini kanyar."

Don haka, kafin ka cire mutum daga tafiya, ka fara sanin abin da yake zuwa nema, domin wataƙila shi ne zai tuna da kai ranar da ba ka dawo ba.