Jinkar da Ta Ƙi Ɗaguwa

Ga ta nan, ga ta nanku, masu jin ɗumi!

Ta zo mu ji ta, Baba!

An yi wani mutum wai shi Nomau, gwanin cika baki, amma fa a gaban jakinsa kaɗai. In yana zuba masa harawa sai ya ce, "Kai Jaki, ni ba na bukatar kowa a garin nan. Noma ni kaɗai, girbi ni kaɗai. Ran da na buɗe baki a dandali, sanƙira ya bar aiki."

Jaki ya ce, "Haka ne, maigida." Ya ci gaba da tauna.

Alhali kunya ce ke cin Nomau. Da ya hango dattawa a gindin durumi sai ya sake hanya. Har kafa ya huda a bayan danga, ta nan yake fita, ta nan yake dawowa. Suna ya wuce shi, biki ya wuce shi, gayya ta wuce shi. Tun ana cigiyarsa har aka daina.

Ana nan, sai iskar bazara ta yaye rufin ɗakin tsohuwarsa. Nomau ya saro itace, ya yanko ciyawa, ya ɗaure sabuwar jinka a tsakar gida. To kun san jinka, yara: mutum ɗaya na iya ɗaure ta, amma sai taron maza ke ɗora ta.

Ya ɗaga nan, can ya zauna. Ya ɗaga can, nan ya zauna. Ya shiga ƙarƙashi ya tura da ka, ta kife shi kamar kaza a akurki. Ga hadari ya haɗo daga gabas.

Tsohuwa ta yi tari, ta ce, "Nomau, yau ma a sarari zan kwana?"

Jaki ya ce, "Maigida, je ka kira mutane."

"Ba nauyinsu nake ji ba. Lokaci ne ba ni da shi."

"Haka ne. To gwada muryar nan a kaina. Yi mini sallama."

Nomau ya duba hagu, ya duba dama, ya yi wa jaki sallama. Bai mutu ba.

Jaki ya ce, "Saura Goggo Tabawa mai daddawa. Ta ƙofar gaba fa."

Suka fita. Nomau ya ce, "Goggo, ina wuni?" yana kallon ƙasa. Ta ce, "Lafiya lau, ɗan nan. Ya jikin Iya?" Shi ke nan. Ba ta cije shi ba.

Sai gindin durumi. Nomau ya yi sallama da murya kamar ta sauro. Baba Cindo, babban dattijon, ya ce, "Wa nake ji kamar Nomau? Ashe da baki aka haife ka!"

Aka bushe da dariya. Nomau ya juya zai gudu, jaki ya gitta masa. Tsawa ta yi ƙara. Ya tuna tarin tsohuwa, ya runtse ido ya ce, "Jinka. Iya. Ruwa."

Baba Cindo ya miƙe. "Tun ran da ka ɗaure ta muke hango kanta ta saman danga. Mun zaci raina mu ka yi, shi ya sa muka ji nauyin shigowa."

Sai a lokacin Nomau ya gane. Shi yana ɓuya don kada a yi masa dariya, su suna zaune suna jin ciwon ya ƙi su.

Maza suka cika gidan. "Hoɓɓasa!" Jinka ta hau ɗaki, yayyafin farko a kanta ya sauka.

Da aka watse, Nomau ya tsaya a ƙofar ɗakin ya ce, "Iya, da kin ga yadda na tsaya a gabansu ina zuba jawabi! Ko gezau ban yi ba."

Jaki ya ce, "Haka ne, maigida. Sai dai a sakar mini wutsiya. Tun gindin durumi kake riƙe da ita."

To yara, wanda ke jin nauyin mutane ya fara gaida na kusa, gobe ya ƙara taku. Ba sai baki ya daina rawa ake magana ba, kuma shirun da ka yi don kunya, wani yakan ɗauke shi raini ne.

Ƙurunƙus, kan ɗan ƙadangare! Kowa ya yi wa na kusa da shi sai da safe.