Albasar Jatau da Ruwan Kamfani

Wai gwamnati da wani kamfani suka haɗa gwiwa suka gina dam. Manajan kamfanin ya kafa doka: kason ruwan gwamnati kyauta ne, wanda ya taɓa na kamfani kuwa a bakin gonarsa. Alhali hanya ɗaya ruwan ke bi!

Ran nan manajan ya tarar da wani manomi, Jatau, yana shayar da albasa da ruwan dam ɗin, ya kai shi gaban hakimi.

Jatau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, na gwamnati na tare, nasa na bari ya wuce. In akwai nasa a gonata, ya zo ya tsince abinsa."

Manaja ya harzuƙa. "Wa ke iya bambance ruwa da ruwa?"

"To Yallaɓai, yaya ka gane naka na ɗiba?"

Hakimi ya murmusa. "Tashi, Jatau, albasarka na jin ƙishi."